Igiya Biyu a Hannun Hagu

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin yadda na bar Maraɗi ba, don kukan rabuwa iri ɗaya ne a ko'ina. Abin da zan ce kawai, mijina ya rasu, na bar yara biyu a wurin Inna, na hau jirgi da akwati ɗaya wanda rabinsa busasshen zogale ne da yaji. A New York na sauka, wani ɗan garinmu ya sa ni a bas, na kwana zaune, gari na wayewa aka ce ga Greensboro. Farkon shekarun dubu biyu ke nan. Na leƙa ta taga ina neman Amurkar da nake gani a talabijin, ban ga komai ba sai itatuwa da coci-coci da motoci, babu ɗan Adam ko ɗaya da ke tafiya a ƙasa.

Masaukina na farko gidan Yaya Sani ne, ɗan wan mahaifina, a gabashin gari. Ɗaki biyu, shi da matarsa da yara uku, ni kuma doguwar kujerar falo. In na yi wa yaran magana da Hausa su amsa mini da Turanci, in na yi musu faɗa su dubi uwarsu kamar wata baƙuwar mahaukaciya ce ta shigo. Ba su wulaƙanta ni ba, tsakani da Allah, amma wanda yake kwana a falo shi ne ƙarshen kwanciya, shi ne kuma farkon tashi.

Aikin farko a shagon kitso na same shi. Mai shagon ta ce sai na koyi irin na nan tukuna. Na yi wata da watanni ina koyo, yatsuna suka kumbura, kan da na kitsa kuma ita ake yi wa godiya. Duk sanda na yi magana sai ta ce hannuna bai nuna ba, ni da nake kitso tun ba a huda mata kunne ba. Ranar da na gaji, na ajiye mata tsinken tsagarta a kan tebur na fita ko sallama babu. Daga nan sai kamfanin safa, inda na tsaya a kan ƙafafuna ina ninke safar mutanen da ban taɓa gani ba, har wata safiya aka tara mu aka ce kamfanin zai koma wata ƙasa. Na koma kujerar falo.

Abin da ya hana ni zama ba kowa ba a garin nan, dambu ne. A wurin Inna na gaje shi, ita ma a wurin tata uwar. Na gano Turawan yankin suna cin tsakin masara da safe, ana sayar da shi a kowane kanti, sai na haɗa madambaci da tukunya da matsami, na liƙe bakin da tsumma. In na turara tsakin, sai in juye shi da zafinsa in murza da tafin hannuna har ya warware, in zuba zogale da albasa da tattasai da ƙuli-ƙuli, in sake turarawa, in bi shi da mai da soyayyen nama. Cokali ba ya wannan aikin, sai hannu. Ranar da na fara kai shi wani taron suna, wani tsoho ɗan Damagaram ya ci loma biyu, sai ga hawaye. Daga ranar sunana ya koma Halima mai dambu. Ba a suna, ba a ɗaurin aure, ba a sadakar arba'in sai an kira ni. A garin da ba wanda ya san ubana, hannuna ne ya sa in na shiga taro ake matsa mini wurin zama, kuma ban da wannan ba ni da komai.

A irin waɗannan tarukan na haɗu da Anti Fati, 'yar zangon Kumasi, babbar mace mai babbar murya, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Tana da wata tsohuwar mota mai tari kafin ta tashi, kuma ita ce ta fara kai ni ko'ina ba tare da ta sa na ji ni kaya ce ba.

Aiki na uku wata 'yar ƙasarmu ce ta ba ni, Ramatu, da za ta koma wani gari.

"Bon, tsohuwa guda ta, ba ta da matsala," in ji ta. "Ki dahwa mata, ki ba ta magani, ki taimaka mata wanka. Ɗakinki daban, wikend naki na. Mi kika so ya hi wannan?"

Da na ji ɗaki nawa ni kaɗai, ban ƙara tambayar komai ba. Ita ma ba ta ƙara faɗin komai ba, kuma Allah ya isa tsakanina da wannan shirun nata.

Anti Fati ce ta kai ni Summerfield wata Lahadi da yamma. Can bayan gari ne ta arewa, gidaje nesa da juna, filayen ciyawa, fararen shingaye, dawaki suna kiwo ba mai tsaronsu. Ta ajiye ni a bakin hanya tana juya mota, na shiga farfajiya da jakata. Ban kai ƙofa ba na ji wani gurnani. Wani kare ne ya fito ta bayan gida, baƙi, tsayinsa ya kai maraƙi, a bayansa kuma wani ɗan mitsitsi mai kalar ƙasa yana haushi kamar ana yanka shi.

Na yi abin da kowace 'yar Maraɗi za ta yi. Na sunkuya kamar zan ɗauki dutse. Karen garinmu, komai rashin kunyarsa, da ya ga mutum ya sunkuya sai ya ranta a na kare, ba ya ma jiran ya ga ko akwai dutsen. To waɗannan ba su taɓa shan jifa ba tun da aka haife su. A wurinsu mai sunkuyawa kiransu yake ya shafa su. Kafin in ɗago sun iso da gudu. Ƙaramin ya haye cinyata, babban ya ture ni na zauna daɓas a ciyawa, ya lashe ni tun daga haɓa har kunne. Na yi ihu, na yi salati, na kira sunan Inna. Anti Fati ta fito daga mota, maimakon ta cece ni sai ta riƙe ciki tana dariya har da tari.

Tsohuwar ta fito bakin ƙofa da ƙarfen dogarawarta, fara sol, ƙarama, tana murmushi. Mis Beti sunanta.

"Kai, sun so ki!" ta ce da Turancinta mai ja. "Ba kowa suke yi wa haka ba."

A nan na ji abin da Ramatu ta haɗiye. Mis Beti ta karye a ƙugu, ba ta iya fita, ɗanta yana wata jiha mai nisa, karnukan kuma dole a zaga da su safe da yamma. Babban na mijinta ne da ya rasu, tsohon soja, shi ya sa masa suna Janar. Ƙaramin nata ne, sunansa da Turanci yana nufin gyaɗa, don haka ni Gyaɗa na riƙa kiransa. Na koma wurin motar na ce wa Anti Fati ta mai da ni.

"Ei, Halima, in mai da ka ina? Kujera?" ta ce. "Ka shiga ka ga ɗaki tukuna."

Na shiga na ga ɗakin. Gado, taga, ƙofa mai sakata. Na fi shekara ban rufe ƙofa a bayana ba. Na fito na riƙe hannun Anti Fati na ce ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, don in mutanenmu suka ji ina jan karnuka, ba mai ƙara cin dambuna.

"Yoo, na rantse," ta ce. "Amma ka wanke fuska, yawu na nan kunnenka."

Kwana biyu da zuwana na kira wani malami da ke jan mu salla a cikin gari, na ce masa wata ƙawata ce aiki ya haɗa ta da karnuka. Ya yi 'yar dariya irin ta wanda ya sha jin labarin ƙawaye. Ya ce in gaya mata a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki a ciki ce ake wankewa sau bakwai, ta wanke hannunta ta yi sallarta. Na yi godiya. Hankalina ya kwanta ta wajen Allah, amma bai kwanta ta wajen mutane ba. Ni kaina da a ce a Maraɗi aka nuna mini mai abincin da ke rungumar kare, ko liman ne ya rantse mini, ba zan ci ba. Ƙyama ba ta tambayar malam.

Saboda haka na yi wa kaina doka. Duk abin da ya shafi karnuka na hannun hagu ne, shi ma da safar hannu. Hannun dama na dambu ne, yana cikin aljihun riga, ba ya taɓa igiya, ba ya taɓa kwanonsu, ba ya taɓa gashinsu. Ko da wata rana magana ta fito, ina da abin da zan rantse a kai.

Mis Beti ta lura tun fitar farko. Ta ce in riƙe igiya ɗaya a kowane hannu, haka mijinta yake yi. Na ce mata hannun yana ciwo. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ƙyale ni.

Wanda bai taɓa jan babban kare da ƙarami a hannu ɗaya ba, bai san wahala ba. Janar tsoho ne, tafiyarsa ta ƙasaita, taku ɗaya nasa sai Gyaɗa ya yi barkatai kafin ya cim masa. Amma in ya ga zomo ko kurege sai ƙuruciya ta dawo masa, ya fizge ni har in ji kafaɗata za ta fita. Gyaɗa kuwa bai san miƙaƙƙiyar hanya ba. Ya bi ta ƙarƙashin cikin Janar, ya zagayo ta bayana, ya koma, kafin in ankara igiyoyin sun kitsa kansu, sun ɗaure mini ƙafafu da zani, ina tsaye a bakin titi kamar akuyar da za a kai kasuwa. In Janar ya tsaya shinshina gindin itace, ko motar ɗaukar kaya ba ta matsar da shi, shi kuma ƙaramin yana can gaba yana shaƙe kansa. Ɗaya yana ja gabas, ɗaya yamma, ni a tsakiya da hannu ɗaya ina zaginsu da Hausa.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa leda ce. A can in kare ya yi kashi a gefen hanya, mai riƙe da shi ne zai kwashe. Ranar farko na tsaya a kansa ina kallo, na tuna ni 'yar gidan mutunci ce, mijina har ya rasu bai taɓa barina na share turken tumaki ba. Na taka igiyoyin da ƙafa, na kwashe da hagun, na ƙulla ledar, na tafi da ita a hannu kamar cefane. Na yi kuka a hanya ranar, Janar yana waiwayena.

Haka na yi kaka, na yi hunturu. Sanyin safiya yana shiga har ƙashi, ciyawa ta yi fari da ƙanƙara, ni da su kaɗai a hanya sai dawaki da ke huci ta bayan shinge. Kafaɗata ta hagu ta riƙa kwana tana zogi, har ɗaura ɗankwali ya zama aiki. Masu wucewa a mota suna ɗaga mini hannu, wasu kuma su rage gudu su ƙare wa lulluɓina kallo, don a shekarun nan mace mai lulluɓi ba ta wucewa ba a kalle ta ba. Na lura in Janar yana gefena ba mai tsayawa ya faɗa mini maganar banza, kuma ban ji daɗin lura da hakan ba. In na sayi katin waya na kira gida, Inna ta tambaye ni aikin, in ce tsohuwa nake kula da ita, mutuniyar kirki. Gaskiya na faɗa, ban dai ƙarasa ba.

Mutuniyar kirki ce kuwa. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Da azumi ya zo ta lura ba na ci, ta sa na rubuta mata lokacin shan ruwa a jikin firiji, in ya yi sai ta buga ƙarfen dogarawarta a ƙasa ta ce, "Halima, je ki ci." Ita ta hana karnukan shiga ɗakina, har Gyaɗa ya koyi tsayawa a bakin ƙofa in ina salla, ya karkata kai yana jira in sallame. Ban ce ina son su ba. Amma na san tafiyar kowannensu, na san Janar yana ɗingisa ƙafar baya in za a yi ruwa, na san Gyaɗa matsoraci ne, haushin duk na rufin asiri ne.

Ranar Juma'a da yamma Anti Fati take ɗauko ni. In na isa gidan Yaya Sani in yi wanka, in canza kaya tun daga ɗankwali har takalmi, in duba jikina ko akwai gashi, sannan in ɗora madambaci. Lahadi ta mai da ni. Mutum biyu na zama, kuma duka biyun a gajiye suke.

Da bazara ta shigo aka yi wa Hajiya Rabi jika. Hajiya Rabi ita ce uwar 'yan Nijar na garin, mijinta Alhaji yana cikin waɗanda suka fara zuwa, duk baƙuwar da ta sauka sai ta je ta gaishe ta. Ba muguwa ba ce, ita ta ba ni rigar sanyina ta farko. Ta kira ni da kanta ta ce sunan ranar Lahadi ne, dambun taron duka a hannuna yake. Na ji daɗi har na kasa zama.

Ranar Alhamis da yamma na fita da karnuka kamar kullum. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, mutanenmu in za su sayi ragon suna, gonakin bayan gari suke zuwa. Muna tafe a gefen babbar hanya sai wata mota ta wuce mu, ta rage gudu, ta tsaya, ta dawo da baya. Hanya suka ɓata, suka ga mace da lulluɓi suka ce bari su tambaya. Gilashi ya sauka.

"Halima?" in ji Hajiya Rabi. "Ke ta?"

Ina tsaye da igiya biyu a hannun hagu, da ƙullin leda a rataye a yatsa. Na ce, "Hajiya, ina wuni," kamar a ƙofar gidanta muka haɗu. Alhaji yana riƙe da sitiyari, ya kau da kai yana kallon dawaki.

"Subhanallahi. Mi nika gani haka? Naki na?"

"Na tsohuwar da nike ma aiki na, Hajiya. Hannu guda nike riƙe su, ki duba, da safar hannu ma." Na ɗaga mata safar hannun, na zaro damana daga aljihu ina nuna mata kamar yarinyar da aka kama da satar nama. "Wannan bai taɓa taɓa su ba, wallahi."

Duk wannan lokacin Gyaɗa yana yi wa motar haushi, yana ja da baya, ni kuma hankalina yana kan fuskar Hajiya. Da na ɗaga hagun sai igiyarsa ta miƙe, ya turje, madaurin wuyan ya zame ta kansa. Sai gani na yi igiya ta faɗi ba kare. Ya zagaya bayan motar ya hau tsakiyar kwalta yana haushi, shi a dole jarumi. Daga gangaren kuma ga wata a-kori-kura tana tahowa, tana jan akwatin ɗaukar dawaki, irin wadda ba ta tsayawa nan take ko direba ya so.

Na kira sunansa na Turanci, bai ko waiwayo ba. In na bi shi gudu zai yi, ya ɗauka wasa ne, kuma Janar ba zai bar ni in yi taku uku ba. Na tuna tsohuwar da ke zaune a bakin taga tana jiran mu, wadda ba ta da kowa a gidan sai waɗannan biyun. Sai na durƙusa a bakin kwalta, na miƙa hannu ƙasa kamar zan ɗauki dutse.

Yana gani ya taho kamar an harbo shi. Ya faɗo ƙirjina, na cafke shi da hannun da ke sake, wato damana, tsirara ba safa, na matse shi a jikina. Motar ta wuce da hon, iskarta ta ɗaga mini mayafi. Zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna kamar ta ɗan tsako. Ya lashe mini yatsu, ya lashe mini haɓa, Janar ma ya matso ya ɗora nasa harshen a kumatuna don kada a bar shi a baya.

Da na ɗago, Hajiya Rabi ta rufe baki da gefen mayafinta. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

"Sannu, Halima," ta ce a hankali. "Allah shi rufa asiri." Alhaji ya tambaye ni hanyar gonar, ban sani ba, suka tafi.

Na jira ta kira ta ce an fasa dambun. Ba ta kira ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ni ma girman kai bai bar ni na kira ba. Ranar Lahadi tun da asuba na wanke hannun nan har fatar ta yi ja, na yanke farce, na turara tsakin da ban taɓa turara mai kyansa ba. Na zuba zogalen da Inna ta aiko mini na ƙarshe, duka, ban rage ba. Na cika babbar kula.

A wani zaure da suka yi haya aka yi taron. Da na shiga aka gaishe ni lafiya lau, har an fi kullum fara'a, a nan na san labari ya riga ni isowa. Ba a matsa mini wurin zama ba. A kan teburin abinci na tarar da manyan tire na shinkafa da ban san da su ba, an sa wata ta dafa. Wata yarinya ta karɓi kulata ta kai ta can ƙarshen tebur, kusa da kofuna.

Na zauna ina kallo. Matan da ke faɗa a kan ƙanzon dambuna suka riƙa zuwa su ɗebi shinkafa, su kai bakin kular su juya. Ɗaya ta ce mini cikinta ne ba daɗi kwana biyu. Wata ta ce likita ya hana ta masara. Wani yaro ya buɗe murfin, ƙamshi ya tashi, uwarsa ta fizgo shi ta raɗa masa wani abu, ya dube ni ya ce da Turanci, "Da gaske kina da kare? Yaya sunansa?" Aka doke bakinsa. Tsohon nan ɗan Damagaram da ya taɓa kuka, daga ɓangaren maza ya aiko a zubo masa, aka koma aka yi masa magana, bai sake aikowa ba.

Sai ga Anti Fati ta taso daga aiki da kayan aikinta a jiki. Kallo ɗaya ta yi wa teburin ta gane. Ta jawo kujera har gaban kular, ta buɗe, ta cika faranti, ta ajiye cokali gefe ta sa hannu.

"Ei, wannan dambu!" ta ce da ƙarfi yadda har maza sai da suka ji. "Ni yau da safe tsofaffi nawa na wanke ma kashi da wannan hannu? Wa ya taɓa ƙin shinkafa da wakena? Halima, Allah ya yi ma hannunka albarka." Ta dubi matan. "Ku ba ku ci? Yoo, ni na ci."

Hajiya Rabi ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririn zani. Anti Fati ta ci faranti biyu, ta ƙara na uku da ƙyar, ina ganin tana haɗa gumi, har na ce mata ta bari kada ta kashe kanta saboda ni. Ta ɗura wani a leda ta ce na gobe. Duk da haka kular ko kwata ba a ci ba.

A mota tana mai da ni Summerfield ta ce za su manta, wata biyu ma ya yi yawa. Na ce mata to. Amma na san mutanena. Za su ci gaba da gaishe ni, za su zo in na yi rashin lafiya, in na mutu su yi mini wanka. Abincina ne dai ba za su ƙara ci ba, kuma kafin sati ya zagayo wani zai faɗa wa wani a waya, maganar ta isa Maraɗi, ta shiga kunnen Inna. Ban ji haushin kowa ba sosai. Gajiya kawai na ji, irin wadda barci ba ya maganinta.

Rana ba ta faɗi ba muka isa. Mis Beti ta yi barci a kujera gaban talabijin. Na zagaya ta ƙofar baya da kular, na dire ta a kan matakala, na sunkuya zan cire takalmi. Na zauna a nan da kayan bikina, na kifa kai a gwiwa, na yi kukan da na riƙe tun daga zauren.

Na manta abin da sunkuyawa take jawowa a gidan. Na ji ƙarar farata a kan katako, sai ga Gyaɗa ya cusa kai ƙarƙashin hannuna. Janar ya taho da ɗingishinsa, ya sauke katon kansa a cinyata, ya yi ajiyar zuciya kamar shi aka yi wa. Safar hannun tana can rataye a ƙusa, ban tashi ɗauko ta ba.

Na buɗe kular, har yanzu da ɗuminsa. Na sa hannun dama na tsinto nama, na karkaɗe tsakin da yajin, na miƙa wa Gyaɗa, na miƙa wa Janar. Mis Beti ta hana a ba su abincin mutane, amma ranar ban tambayi kowa ba. Suka ci, suka lashe mini tafin hannu tas, suka zauna suna kallona ko da ƙari. Ni ma na ɗebi loma na kai baki. Ya yi daɗi, wallahi, ko Inna ce ta ci sai ta yaba.

Can Janar ya miƙe ya je ya tsaya ƙarƙashin ƙusar da igiyoyi ke rataye, don shi bai san da wani taron suna ba, lokacin fita ya yi. Na share fuska da gefen mayafi, na ƙara matse wa Gyaɗa madaurin wuyansa. Na riƙe igiyar Janar a dama, ta Gyaɗa a hagu, muka kama hanya.